Daga Garejin Barnawa Zuwa Sanyin Jos: Kundin Tafiyar Ƙungiyarmu

Asabar, 2 ga Nuwamba, 2024

Saƙon ya shigo ranar Alhamis da daddare, ina tsugune a rumfar mai cajin waya ta bakin layinmu. Masu shirya wani bikin kiɗa na ƙarshen shekara a Jos ne. Sun ga bidiyon da muka ɗora a Facebook, suna so mu zo mu yi minti 30 ranar Asabar 28 ga Disamba, a fili, da dare. Kuɗi naira dubu 250, rabi yanzu, rabi in mun sauko daga dandamali. Masauki nasu, mota tamu.

Na ce musu to tun kafin in tuntuɓi kowa, jiya kuma rabin kuɗin ya shigo. Wanda ya ci ladan kuturu an san abin da ke jiransa. Shi ya sa na buɗe wannan kundin, in riƙa rubuta inda aka kwana da inda aka tashi.

Mu biyar ne. Ni ke kaɗa jitar bes, mai wayoyi huɗu da kaurin sauti, ni ne kuma mai riƙe littafin kuɗi, ba don na fi kowa lissafi ba, don dai na fi kowa tsoron bashi. Akwai Dogo mai babbar jita, ɗalibi ne a Poli. Akwai mai gangunanmu, wanda ya koyi hannu a coci tun yana ɗan shekara tara, a garejin kawunsa da ke Barnawa muke atisaye. Akwai mawaƙiyarmu, ita ke rubuta baitoci. Sai Auta mai kalangu, ɗan shekara 17, jikan makaɗin 'yan dambe. Huɗu daga cikinmu sai mun ƙetare gadar kogin Kaduna kafin mu isa garejin, kuma duk ɗan Kaduna da ya san yadda garin nan ya rabu tun rikicin 2000 ya san ba kowane uba ke son jin haka ba.

Kiɗan rok muke yi, da Hausa. Duk wanda muka faɗa wa sai ya ce, "Wane irin rok kuma?" Har yau ba mu da amsa a baki, sai dai mu ce ya zo ya ji. Ba mu taɓa wasa a wajen Kaduna ba. Taro mafi girma da muka yi bai wuce mutum 80 ba, rabinsu ma shinkafa ce ta kawo su.

Mako biyu ke nan ba mu haɗu ba, saboda duhun da ya lulluɓe Arewa a ƙarshen Oktoba, ga layin wutar Shiroro zuwa Kaduna da aka lalata. Janareta muna da shi, amma litar fetur ta haura naira 1,000, kuma kowane zama sai ya sha lita uku. Daga yau sau biyu a mako: Laraba da Asabar.

Laraba, 13 ga Nuwamba

Mun tsayar da waƙoƙi shida, kowace kusan minti biyar.

Yau dai Auta ya kunyata mu, kuma ya kyauta. A waƙa ta uku akwai inda mawaƙiya ke cewa "mun sha wuya". Dogo ne ya ɗora mata karin, kuma kamar yadda kunnensa ya saba a waƙoƙin Turawa, sai ya sa murya ta faɗo a ƙarshen layi. Wata huɗu muna yin ta haka. Yau muna tsakiyar yi sai Auta ya ajiye makaɗi ya riƙe ciki yana dariya. Da aka matsa masa ya ce, "Anti, wuyan wa kuka sha? Na kaza ko na rago?"

Ba mu gane ba sai da ya ɗauki kalangu ya buga kalmar sau biyu. Wuya ta wahala daga ƙasa take tashi sama. Wuyan da ake rataya wa sarƙa daga sama yake sauka ƙasa. Mu kuwa saukewa muke yi. Da aka shiga tono sai ga ta biyu: a "mun bar gari" tana jan gaɓar farko don ta cika bugun ganga, sai garin ya koma na tuwo.

A Ingilishi mawaƙi na iya kai kalma duk inda ya ga dama, ma'anarta na nan. Hausa kuwa kowace kalma da karinta take zuwa, da tsawon wasalinta, in ka murɗe ta sai ta zama wata. Mu duka muna jin wannan a hira, ko yaro ya yi kuskure za mu yi masa dariya, amma da jita ta shigo sai kunnen ya toshe. Auta nasa bai toshe ba don kalangu da kansa magana yake yi: ka matse tsirkiyoyin a hammata sauti ya hau, ka saki ya sauka. Ya ce kakansa da ganga kaɗai yake kiran ɗan dambe, mutumin na can bayan fage yana ɗaure hannu zai ji takensa ya taso.

Sabuwar doka daga yau: mawaƙiya ta faɗi layi da baki kamar tana hira, Auta ya buga shi a kalangu, sannan Dogo ya nemo shi a jita. Ba a yarda jita ta riga kalma ba. Aiki ya ninku, don waƙa biyu sai an warware su kamar tsohuwar suwaita an sake saƙawa. Dogo bai ce uffan ba har muka tashi.

Lahadi, 17 ga Nuwamba

Dogo ya zo gidanmu bayan la'asar da shawara: a ajiye kalangu a wasan Jos. Hujjarsa, Jos garin mawaƙa ne, can P-Square suka tashi, can M.I da Ice Prince suka fito, mutanen sun san kiɗa, in suka hango kalangu za su ce makaɗan biki aka ɗauko.

Na ce masa ya sake kallon bidiyon da ya sa aka kira mu. Daƙiƙa 40 na farko ba komai sai kalangu da bes. Na kuma tuna masa gwanin nasa, Mdou Moctar na Nijar, wanda hotonsa ke fuskar wayarsa. Da wayar birkin keke ya haɗa jitarsa ta farko, a Sakkwato ya naɗi kundinsa na farko a 2008, kuma da harshensa yake waƙa a Amurka da Turai. Tinariwen na Mali da suka ci lambar yabon kiɗa ta Grammy a 2012 ma ba su ajiye nasu harshen ba. Ya ce ai su Abzinawa duniya ta riga ta san su. Na ce da can ai ba ta san su ba.

Ni na san ba kalangun ke ci masa rai ba, dariyar Laraba ce. Ban faɗa masa ba. Na raka shi bakin titi ya hau Keke, ba a cimma komai ba.

Asabar, 23 ga Nuwamba

Babban tsaunin ashe ba kuɗi ba ne. Mahaifin mawaƙiyarmu ya san tana zuwa atisaye, amma kwana biyu a wani gari magana ce daban, ita kuma ta ce ko kusa ba za ta iya tunkararsa ba. Na roƙi kawuna, wanda suke sahu ɗaya da shi a masallaci, muka je da hantsi.

Tsohon ma'aikacin masaƙa ne, ya haura shekara 20 a Kakuri kafin injina su yi shiru. Mun tarar da shi kan tabarma a zaure, rediyo a gefe. Bayan gaisuwa Kawu ya yi doguwar shimfiɗa, ni kaina a sunkuye. Da ya dire, Baba ya dube ni ya ce, "Kai ne shugaban?"

Na ce, "Ranka ya daɗe, ni dai mai riƙe littafi ne."

Ya ce, "To a kawo min abin da za ta faɗa a gaban mutane."

Aka kira ta ta kawo littafin baitocin. Ya sa tabarau ya karanta shidan duka, yana bin layi da yatsa, mu muna zaune kamar masu jiran sakamakon gwajin jini. A waƙar da ta yi kan masaƙu, mai maganar jiniyar tashi aiki da ba a ƙara ji ba, ya daɗe bai juya shafi ba. Can ya ce a ba shi biro. Ta rubuta "zare ya yanke", ya soke ya sa "zare ya tsinke". Ya ce, "Yankewa da almakashi ake yi, da gangan. A kan inji tsinkewa yake yi." Ita tana tsaye a bakin ƙofa ta ce, "To, Baba," murya na rawa.

Sharuɗɗa uku ya gindaya. Yayanta zai bi mu. A gidan goggonta da ke Jos za ta kwana, ba masaukin biki ba. Ba tafiyar dare, ko me ya faru.

Muna sa takalma ya ƙara da cewa ya taɓa ganin marigayi Ɗan Maraya Jos a nan Kaduna, shi kaɗai da kuntigi, gwangwanin kifi da tsirkiya ɗaya, ya riƙe ɗakin taro cike maƙil har aka tashi. "Ku kuma an ce mota guda ce ta kaya. Allah ya sa a ji abin da take faɗa." Na ce amin.

Lahadi, 1 ga Disamba

Hunturu ya sauka da ƙarfinsa. Daga kan gada kogi sai ka ƙura ido, rana kuwa kana iya kallonta kai tsaye kamar farin faranti a cikin hazo. Leɓe ya fara tsagewa, kayan kiɗa ma haka. Icen wuyan bes ɗina ya tsotse, har bakin ƙarafan da ke jere a kansa sun leƙo ta gefe suna karce min tafin hannu. Tsohuwar jitar katako ta Dogo, wadda yake haɗa waƙa da ita, ta yi siririyar tsaga daga gindin wayoyi zuwa ƙasa. Iskar nan daga Sahara take tahowa, ba ta barin laima a jikin komai.

Maganin da muka samu mai araha ne: kwalin sabulu na roba, a huhhuda shi da ƙusa mai zafi, a sa soso mai ɗan danshi a ciki, a rufe shi a jakar jita. Danshi fa, ba jiƙewa sharkaf ba. Ƙura kuma ta shige maɓallan amfilifaya, wato na'urar ƙara sauti, kana murɗawa sai ka ji kamar an jefa ƙosai a mai.

Jos ta fi nan. Kaduna tana kan tudu kusan mita 600, Jos ta kai 1,200, kuma duk hawan mita dubu zafin iska kan ragu da kamar digiri shida. Mai ganga yana da dangi a Bukur, ya ce a Disamba ruwan randa sai ka yi shahada kafin ka watsa a jiki. Don haka jiya muka yi gwaji ƙarfe shida na safe a tsakar gida, ba lasifika, don kawai mu ji yadda yatsu ke yi. Abin da muka gano: wayar ƙarfe in ta yi sanyi tsukewa take yi, sauti ya ɗan hau, in hannu ya ɗumama ta ya sake sauka. Ke nan in ka saita jita a ɗaki ka fito fili, ka yi aikin banza. A Jos za mu fitar da su daga jaka minti 20 kafin mu hau.

Talata, 10 ga Disamba

Tun wata biyu akwai wani gunji da ke fita daga amfilifayata ko ban taɓa waya ba. Abin da ya fi ba ni haushi, in na danna sautin G na ƙasa sai gunjin ya riƙa kai da komo kamar numfashi. Yau na kai ta wurin wani dattijo mai gyaran rediyo, ya saurara ya yi murmushi. Ya ce wutar ƙasar nan sau 50 take kaɗawa a daƙiƙa. Na duba a waya, G ɗin nan sau 49 yake kaɗawa. Maƙwabta ne na kusa da ba sa jituwa, shi ne rigimar da nake ji.

Ya canza abu biyu a ciki, ya ce sauran laifin na garejin ne, don babu wayar da ke sauke wuta cikin ƙasa. Ya ce a kafa rodi a bayan gini a ɗaura waya, kuma tunda rani ne ƙasa ta bushe, a riƙa zuba wa gindinsa ruwa. Mun yi. Gunjin bai mutu ba, amma ya koma raɗa.

Daga nan na biya kasuwar Fanteka. Muna buƙatar gajeren sandan makirufo da zai tsaya daidai bakin kalangu, na kanti kuma kuɗinsa ya fi ƙarfinmu. Wani mai walda ya dubi zanen da na yi a bayan takarda, ya jawo gindin tsohuwar fanka da guntun bututu, kafin in gama shan ruwan leda ya miƙo min. Yana da nauyi kamar turmi, iskar Jos ba za ta kayar da shi ba.

Alhamis, 19 ga Disamba

An gama maganar mota. Sharon ce, daga tashar Kawo, zuwa da dawowa da kwana biyu na jira, dubu 160. Direban ya fara da 220, yayan mawaƙiya ne ya sauko da shi, ashe sharaɗin Baba riba ce. Mu shida ne yanzu, don haka ganguna ba za su shiga ba. Masu biki sun ce akwai nasu a dandamali, mai ganga zai ɗauki ƙaramar gangarsa mai kaifin sauti da faya-fayan ƙarfe kawai. Ya ce sauran ko na wa ne zai buga, amma waɗannan biyun kamar buroshin haƙori suke.

Mun shiga Kasuwar Barci neman kayan sanyi na gwanjo. Safar hannu muka saya muka yanke kan yatsun da almakashi. Auta ya zaɓi wata jibgegiyar riga da ta kai masa gwiwa, sai da ya rataya kalangu ya gane hammatarsa ba ta jin tsirkiya ta cikinta. An mayar, an ɗauko mai shara-shara guda biyu.

Kuɗin hannu ya ƙare tun a mota. Kowa ya ranta wa asusu dubu 25, za a biya in rabin ya shigo.

Waƙoƙin da aka warware sun haɗu. Dogo yana bin dokar, amma kamar mai shan maɗaci.

Talata, 24 ga Disamba

Ba atisaye wannan makon, mai ganga yana coci safe da yamma har ranar Alhamis. Mamarsa ta aiko mana da cincin cike da bokitin fenti, ta ce na hanya ne. Auta ya riga ya buɗe.

Juma'a, 27 ga Disamba, Jos

Mun bar Kaduna ƙarfe shida da rabi. Ta Maraban Jos muka karya, muka bi Pambeguwa da Saminaka da Jengre. Tafiyar ba ta kai kilomita 300 ba, amma ta ci mana awa biyar da rabi, ramuka da shingaye suka raba ta tsakaninsu. A wani shinge jami'i ya hango doguwar baƙar jakar bes ya ce a sauko da ita, kowa ya fito. Da na zuge ya ga wayoyi huɗu sai fuskarsa ta saki, ya tambaya ko muna zuwa biki ne. Dogo ya buɗe baki zai yi bayanin rok, yayan mawaƙiya ya taka masa ƙafa ya ce, "E, Oga, biki ne."

A Saminaka muka karya kumallo, tireloli na ta lodin masara, ƙaiƙayi na tashi yana haɗuwa da hazo. Bayan Jengre hanya ta fara hawa, kunne ya toshe ya buɗe, duwatsu suka fara bayyana a ɗore kan juna kamar wani ne ya jera su da hannu. Na sa hannu ta taga, tsakar rana ce amma iskar ta asuba ce.

Mun samu Juma'a. An kai mawaƙiya gidan Goggo, wadda ta tare mu da faten dankalin Turawa mai zafi, ta ƙi bari mu tafi sai da kowa ya ƙara. Da yamma muka je ganin filin. Dandamalin ya ninka garejinmu sau huɗu. Mai ganga ya zauna a kujerar gangunan ya ce daga nan ba ya ganin fuskata, mu kuwa da ido muke ba juna alama. Sai mun matso kusa da juna gobe, ko da rabin dandamalin zai zama fanko.

Yanzu ƙarfe goma, ina rubutu cikin bargo da hular sanyi.

Asabar, 28 ga Disamba, da rana

Kalangu ya fashe.

Da sassafe Auta ya fita wurin mai shayi, ya zauna dab da murhu yana ɗumama hannu, kalangun na kan cinyarsa. A damina haka ake yi, a kanga fata a wuta don ta ɗaure. Amma fatar da ta sha hunturu wata guda ta riga ta ɗaure iyakar ɗaurewa. Ya ce ƙara ɗaya ya ji, tas, kamar an taka ƙwai. Ya dawo ɗaki ya ajiye shi a gabana, ya kasa magana, hawaye kawai.

Na dubi Dogo, don na zata zai ce to shi ke nan, Allah ya raba gardama. Sai ya ɗauki hularsa ya ce, "Tashi mu je, garin nan ba ya rasa mahauta."

Mijin Goggo ya haɗa mu da wani yaro da ya kai mu Gangare, gidan wani tsoho mai yi wa mahauta kiɗa. Ya juya fasasshen kalangun a hannu, ya ce sabuwar fata sai an jiƙa an ɗaura an bar ta ta sha iska, ba aikin yini ɗaya ba ne. Muka roƙi aro. Bai amsa ba. Ya jawo nasa ya buga wani ɗan gajeren abu, ya dubi Auta ya ce, "Yaro, me na ce?" Auta ya durƙusa ya ce, "Baba, taken mahauta ne," ya kuma faɗi kalmomin. Tsohon ya cire igiyar daga kafaɗarsa ya rataya masa da kansa. Ya ce kada ya kwana a waje, kada kuma ya ga wuta.

Kalangun aro ya fi namu girma, muryarsa ta fi kauri, sama-saman da Auta ya saba kaiwa ba ya kaiwa. Tun azahar su biyu suke zaune a bayan masauki, Auta ya buga layi, Dogo ya bi. Ina jin su ta taga. Ɗazu Dogo ya ƙwala min kira in zo in gani: in ya danna waya ya tura ta sama da yatsa, sauti yana lanƙwasa ya hau ba tare da ya tsallaka ba, daidai abin da hammatar Auta ke yi. Shekara huɗu yana wannan turin, yau ya ga da me ya yi kama. Inda kalangun ya gaza hawa, jita za ta ƙarasa masa kalmar.

Lahadi, 29 ga Disamba, da asuba

An ce ƙarfe takwas za mu hau, sai goma da minti ashirin muka hau. Wayata ta nuna digiri 12. Mun fitar da jita tun takwas saura minti ashirin kamar yadda muka tsara, ta sha sanyi har ta gaji, mu ma haka. Mutane za su kai ɗari huɗu, da yawa a lulluɓe da barguna, ga masu gasa nama a gefe hayaƙi na bi ta cikin fitilu.

Waƙar farko ba ta yi ba, ba sai an ɓoye ba. Yatsuna kamar na aro, ina ganin suna motsi ba na jin waya. Mai kula da sauti kuma da ya ji an ce rok sai ya ɗaga jita ya danne murya. Na hango yayan mawaƙiya a gaba yana nuna kunnensa yana girgiza kai. Na yi ta ɗaga wa mai sautin hannu, shi yana kallon wayarsa. Kafin a shiga ta biyu Dogo ya juya ya murɗe amfilifayarsa ƙasa da hannunsa, ya rage kusan rabi. Wanda ya san masu babbar jita ya san wannan ba ƙaramin abu ba ne.

Daga nan abin ya fara zama. A ta uku, da aka zo "mun sha wuya" karo na biyu, sai na ji 'yan gaba sun karɓa, kuma daga ƙasa suka tashi sama, ba wanda ya koya musu. Auta ya waigo yana washe baki har ya kusa sakin makaɗi.

Ta masaƙa ce ta huɗu. Ba ganguna a farkonta, bes ne da kalangu da murya. Filin ya yi tsit har ina jin janaretan bayan dandamali. Ta faɗi "tsinke" ɗin nan a fili, tururi na fita daga bakinta.

A ta biyar ni na yi ɓarna, na riga kowa shiga da bugu huɗu, mai ganga ya rufa min asiri ya biyo ni kamar da ma haka aka tsara. Ta shida ba mu yi ba, an ɗaga mana hannu lokaci ya ƙare. Na ji zafin wannan, don ita muka fi wahala a kanta, kuma ba mu muka ci lokacin ba.

Muna naɗe wayoyi wani dattijo cikin kwat da hular sanyi ya zo ya ce da mawaƙiya, "'Yata, mahaifina a haƙar kuza ya ƙare, mu ma da jiniya muka tashi." Sai ya tambaye ta me ta ce a waƙar farko, don shi ko kalma ɗaya bai kama ba. Ta tsaya nan cikin sanyi ta karanta masa baitin da baki.

Litinin, 30 ga Disamba, Kaduna

Mun mayar da kalangun aro jiya ƙarfe bakwai na safe, da goro da ɗan abin da ya sawwaƙa. Tsohon ya duba fatar ta kowane gefe kafin ya amsa gaisuwa. Namu mun bar masa, zai ɗaura sabuwar fata, direbanmu zai taho da shi in ya yi lodin Jos mako mai zuwa. Mun shigo Kaduna kafin la'asar.

Lissafi: mota dubu 160, fetur na atisaye 38, wayoyin jita 18, gyaran amfilifaya da aikin Fanteka 15, abincin hanya 24, sabuwar fata 8. Jimla 263. Rabin kuɗinmu sun ce yau zai shigo, yanzu ƙarfe tara na dare, na duba waya ya fi sau talatin. In ya shigo, asararmu dubu 13, ban da goro.

Yayan mawaƙiya ya ɗauki wasan duka a waya, ya kunna wa Baba jiya bayan isha'i. Mawaƙiya ta ba mu labari cewa ya saurara har ƙarshe, ya sa aka maimaita masa ta huɗu, sannan ya ce ta farkon hayaniya ce kawai, a sake ta.

Atisaye na gaba Asabar 4 ga Janairu, ƙarfe huɗu. Ba kalangu tukuna, don haka Auta zai zo da baki kawai, ya zauna ya saurari waƙar farko layi-layi. Wani ya tuna ya zuba wa rodin bayan gareji ruwa.